Waiwaye: Wa Ke da Ikon Cewa a Ƙara Aiki?

Muhawarar da ake yi kan 'yan kwangilar da ke gama gini a hana su kuɗin ƙarin aiki, bisa hujjar cewa wanda ya ba su umarni ba shi da hurumi, ta girmi duk masu yin ta. Asalinta yana cikin dokar Ingila, wadda kotunan Najeriya suka gada tun zamanin mulkin mallaka.

Lauyoyi sun saba farawa da shari'ar Turquand ta 1856, wadda ta ce mai hulɗa da kamfani yana iya ɗauka cewa an bi ƙa'idojin cikin gida, sai kuma ta Freeman da Lockyer ta 1964, inda masu zanen gini suka samu haƙƙinsu domin kamfanin da suka yi wa aiki ya zura wa wani darektansa ido yana gudanar da al'amura tamkar shi ne manajan darekta.

Amma wadda ta fi shafar filin gini, kuma ba a cika ambatonta ba, ita ce shari'ar Sharpe ta 1873. 'Yan kwangila sun karɓi aikin shimfiɗa layin dogo a Burazil a kan kuɗi dunƙule, sai suka tarar ƙasar da za a haƙa ta zarce abin da lissafin injiniya ya nuna nesa ba kusa ba. Injiniyan ya yi musu alkawarin baka cewa za a rage musu asarar, suka ci gaba da aiki. Da maganar ta je kotu a Landan, alƙalai suka ce aikin injiniya shi ne sa ido da ba da takardar shaida, ba shi da ikon sauya yarjejeniya a madadin mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar.

Daga nan aka raba bakin da ke ba da umarni da hannun da ke biya, alhali ɗan kwangila injiniya yake gani kullum, mai aiki kuwa sai jefi-jefi. A ganina nan ne tushen rikicin yake, domin wanda ya tsaya jiran takarda za a ce ya kawo tsaiko, wanda ya bi maganar baka kuma ya ɗauki kasada da jarinsa.

Hukuncin shari'ar Armagas na 1986 ya ƙara ɗaure lamarin, da ya ce wakili ba ya ba kansa iko da bakinsa, dole alamar cewa yana da ikon ta fito daga wanda yake wakilta. A 2018 kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da cewa sharaɗin da ya hana sauya yarjejeniya sai a rubuce yana aiki.