Laka Ba Ta Kai Ƙarshen Ƙashin Baya Ba

Mutane da yawa na tsoron allurar kashe zafi da ake yi a baya kafin tiyata, wai za ta soki laka ta shanye ƙafafu. Tsoron ya samo asali ne daga zaton cewa laka ta miƙe tun daga wuya har gindin ƙashin baya. Ba haka ba ne.

A jikin babba, laka tana ƙarewa ne daidai ƙashi na farko ko na biyu cikin ƙasusuwa 5 na ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa sai saiwoyin jijiyoyi da ke shawagi cikin ruwa, tamkar wutsiyar doki. Likita kan laluba saman ƙasusuwan kwatangwalo biyu, waɗanda ke daidai da ƙashi na huɗu, ya sa allurar tsakanin na uku da na huɗu ko ƙasa da haka. Saiwoyin kan kauce wa tsinin allurar. Ciwon kan da wasu ke yi daga baya yoyon ruwan ne, shi ya sa yake tsananta a zaune ya lafa a kwance.

Jijiyoyin da ke fitowa daga laka tagwaye 31 ne, kowacce da tsokokinta. Ta uku da ta huɗu na ƙugu suna miƙe gwiwa, ta biyar tana ɗaga babban yatsan ƙafa, ta ƙasanta kuwa ita ke ba mutum damar yin ɗage. Abin da ya fi danne su shi ne guringuntsin tsakanin ƙasusuwa idan ya bulluƙo. In hakan ya zo da mutuwar jiki tsakanin cinyoyi ko riƙewar fitsari, a garzaya asibiti ranar.