Retirobairas a jikin ɗan Adam: magani da wahalar gwaji

Retirobairas wani rukuni ne na ƙwayoyin cutar bairas waɗanda bayanan gadonsu ke rubuce a RNA. Idan suka shiga ƙwayar halittar jiki sai su kwafe wannan RNA zuwa DNA, su cusa kwafin cikin DNA ɗin wanda suka kama. Daga wannan lokaci bairas ɗin ya zama wani yanki na ƙwayar halittar, duk sanda ta rabu gida biyu da shi take rabuwa. Wannan ɗabi'a ce ta sa wanda ya kamu yake zama da ƙwayar har ƙarshen rayuwarsa, ita ce kuma tushen yawancin wahalar da likitoci ke sha wajen magani da wajen gwaji. Nau'o'in da aka tabbatar suna haddasa cuta a jikin mutum su ne HIV-1 da HIV-2, masu karya garkuwar jiki, sai kuma HTLV-1, wanda kan iya jawo sankarar jini ko ciwon laka. An sha zargin wasu retirobairas da hannu a cututtukan da ke daɗewa a jiki, amma galibin zarge-zargen ba su tabbata ba.

Tarihin gano su

A 1911 Peyton Rous ya nuna cewa wani bairas na sa wa kaji ciwon daji. A 1970 kuma Howard Temin da David Baltimore, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano sinadarin da ke kwafe RNA zuwa DNA, abin da masana da yawa a lokacin ke ganin ba zai yiwu ba. Temin da Baltimore sun samu kyautar Nobel a 1975.

An daɗe ana neman irin wannan bairas a jikin mutum ba a dace ba, sau da yawa ma abin da aka ce an gano sai ya zama na dabba ne da ya gurɓata kayan gwaji. Sai a 1980 ɗakin binciken Robert Gallo a Amurka ya ba da rahoton HTLV-1. HTLV-2 ya biyo baya a 1982. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier na Cibiyar Pasteur a Faransa suka ware HIV-1, a 1986 kuma aka gano HIV-2 a jikin marasa lafiya daga Afirka ta Yamma. HTLV-3 da HTLV-4 an same su ne a Kamaru a 2005, kuma ba a danganta su da wata cuta ba.

Maganin HIV

AZT shi ne magani na farko, an amince da shi a 1987. Shi kaɗai ba ya daɗewa yana aiki, domin HIV na yawan kuskure wajen kwafar kansa, cikin watanni sai a samu 'ya'yansa da ba sa jin maganin. Sauyi ya zo a 1996 da aka fara haɗa magunguna uku a lokaci guda, ana tare bairas ɗin ta fuska fiye da ɗaya. Yau mutane da dama ƙwayar magani ɗaya suke sha a rana, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin da ke ɗauke da dolutegravir. Akwai allurar cabotegravir da rilpivirine da ake yi duk wata ɗaya ko biyu, da lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara, wadda Amurka ta amince da ita don rigakafi a 2025. Mutumin da magani ya danne masa ƙwayar har gwaji ba ya ganinta a jini, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar jima'i.

Duk da haka ba warkewa ba ce. Magungunan suna hana bairas kama sababbin ƙwayoyin halitta, amma ba sa taɓa kwafin da ya riga ya shige DNA. Wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna CD4 suna kwanciya shekaru da bairas a cikinsu shiru, garkuwar jiki ba ta gan shi ba, magani bai kai gare shi ba. Ana daina shan magani, cikin 'yan makonni ƙwayar ta dawo jini.

Mutane ƙalilan ne suka rabu da HIV kwata-kwata. Na farko shi ne Timothy Ray Brown, wanda aka yi wa dashen ƙwayoyin ɓargo a Berlin a 2007 saboda sankarar jini, daga wani mai bayarwa da aka haifa ba shi da cikakkiyar ƙofar CCR5, wadda yawancin HIV ke bi ya shiga ƙwayar halitta. Adam Castillejo na Landan ya biyo baya, aka sanar da nasa a 2019. Dashen yana da haɗarin kisa, don haka ba a yi wa wanda HIV kaɗai ke damunsa. Masu bincike na gwada wasu hanyoyi: tayar da bairas mai barci don garkuwar jiki ta kashe ƙwayar da yake ciki, ko kulle shi ya dawwama a barcin, ko yanke shi daga DNA da fasahar CRISPR, ko amfani da sinadaran garkuwa masu kama nau'o'in HIV da yawa. Babu wadda ta kai matsayin magani tukuna.

HIV-2 yana da nasa sha'anin. Ya fi jinkirin kai mutum ƙasa, amma tun asali ba ya jin magunguna irin su nevirapine da efavirenz, saboda haka rarrabe shi da HIV-1 kafin fara magani ba ƙaramin abu ba ne.

HTLV-1

An kiyasta mutum miliyan 5 zuwa 10 ne ke ɗauke da HTLV-1, kuma masana na ganin adadin ya wuce haka, tunda ƙasashe da yawa ba su taɓa yin ƙidayar kirki ba. Ya fi yawa a kudu maso yammacin Japan, da tsibiran Karibiyan, da Kudancin Amurka, da Afirka kudu da Sahara, da yankin Mashhad na Iran, da 'yan asalin tsakiyar Ostireliya. Yana yaɗuwa ta shayarwa, da jima'i, da ƙarin jini ko dashen sassan jiki.

Yawancin masu ɗauke da shi ba sa taɓa yin ciwo. Kusan kashi 5 cikin 100 ne ke kamuwa da wata muguwar sankarar fararen ƙwayoyin jini da ake kira ATL, wadda likitocin Japan ƙarƙashin Kiyoshi Takatsuki suka bayyana a 1977, kuma takan fito ne bayan shekaru da dama, galibi ga wanda ya kamu tun yana jariri. Wasu kuma, waɗanda ba su kai haka yawa ba, lakarsu ce ke kumbura a hankali, ƙafafu su sandare, fitsari ya gagari riƙewa, daga ƙarshe tafiya ta gagara. Wannan ita ce HAM/TSP, wadda aka danganta da bairas ɗin a tsibirin Matinik na Karibiyan a 1985 da Kagoshima ta Japan a 1986.

Mai karatu zai iya tsammanin magungunan HIV su yi aiki a nan, tunda dangi ɗaya ne. Ba sa yin abin a zo a gani. Dalilin kuwa shi ne HTLV-1 ba ya cika jini da sababbin ƙwayoyin bairas kamar HIV. Shi ƙwayar halittar da ya kama yake sa wa ta yi ta rabuwa, kowace rabuwa da kwafinsa, ba tare da ya buƙaci sinadarin da magungunan ke tarewa ba. A kan ATL ana amfani da magungunan daji, ko haɗin AZT da intaferon, ko dashen ɓargo, sai mogamulizumab da Japan ta amince da shi a 2012, amma nau'inta mai tsanani har yanzu yana kisa da sauri. HAM/TSP kuwa sai dai a rage kumburi da magungunan siteroyid, a rage sandarewa, a yi gashi da motsa jiki. Rigakafi ya fi tasiri: Japan na tantance jinin masu bayarwa tun 1986, tana kuma gwada mata masu ciki, a shawarci wadda ke ɗauke da shi ta guji shayarwa ko ta taƙaita ta. Wannan shawara ba ta dace da ko'ina ba, domin inda babu tsaftataccen ruwa, hana jariri nono na iya fin bairas ɗin haɗari.

Wahalar gwaji

Hanyoyin gwaji iri biyu ne. Ko dai a nemi sinadaran garkuwa da jiki ya ƙera don yaƙar bairas, ko a nemi bairas ɗin kansa. Kowace da inda take gazawa.

Jiki ba ya ƙera sinadaran garkuwa nan take. Gwajin gaggawa na HIV da ake yi da ɗigon jinin yatsa na iya ɗaukar kwana 23 zuwa 90 bayan kamuwa kafin ya nuna, gwajin da ke neman RNA ɗin bairas kuwa kwana 10 zuwa 33. A wannan tsakani mutum yana da ƙwayar, yana ma iya yaɗa ta sosai, takardarsa kuma ta ce ba shi da ita. Jarirai akasin haka ne: sinadaran garkuwar uwa kan zauna a jinin yaro har wata 18, ko da bai kamu ba, shi ya sa ake neman bairas ɗin kai tsaye a jininsu.

Akwai kuma matsalar lissafi da mutane ba su cika lura da ita ba. A ce cikin mutum 10,000 goma ne kawai ke ɗauke da ƙwayar, gwajin kuma yana kuskure a kan lafiyayyu biyar cikin kowace dubu. Zai nuna goman nan, ya ƙara da kusan lafiyayyu 50. Wato mafi yawan waɗanda aka ce suna da ita ba su da ita, alhali gwajin mai kyau ne. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a tabbatar wa mutum yana da HIV sai gwaje-gwaje uku daban-daban sun nuna a jere. A HTLV-1 gwajin tabbatarwar kansa yakan fito da sakamako mai ruɗani, musamman a ƙasashe masu zafi, har wasu bincike sun danganta wani ɓangare na ruɗanin da sinadaran garkuwar zazzaɓin cizon sauro. Tunda kuma bairas ɗin ba ya yawo a ruwan jini, sai an nemi kwafinsa a cikin ƙwayoyin jinin kansu.

Hanyar PCR, wadda ake bi wajen neman bairas ɗin kansa, tana ninka ɗan guntun DNA sau miliyoyi har a gan shi. Ƙarfinta shi ne rauninta, domin ba ta tambayar daga ina guntun ya fito.

XMRV da ciwon gajiya mai daɗewa

Ciwon gajiya mai daɗewa, wanda ake kira ME/CFS, ciwo ne da ke raunana mutum matuƙa, ɗan ƙaramin aiki ya kwantar da shi kwanaki, barci kuma ba ya wartsakar da shi. Ba a san musabbabinsa ba, babu gwajin jini da ke tabbatar da shi, kuma masu fama da shi sun daɗe ana ce musu a ransu ne kawai. A Oktoba 2009 mujallar Science ta buga binciken Judy Mikovits da abokan aikinta na Cibiyar Whittemore Peterson da ke Reno a jihar Nebada, cewa sun samu wani retirobairas mai suna XMRV a jinin marasa lafiya 68 cikin 101, amma 8 kacal cikin lafiyayyu 218. An fara ganin XMRV ne a 2006 a naman sankarar furostet, wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kuma dangin bairas ɗin ɓeraye ne.

Labarin ya girgiza mutane. Ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya da Birtaniya suka daina karɓar jini daga masu ciwon a 2010. Aka fara sayar da gwajin XMRV, wasu marasa lafiya suka shiga shan AZT da raltegravir da tenofovir, magungunan da ke da illa ga jini ko ƙoda, ba tare da wani gwajin asibiti ya nuna amfaninsu ba. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya shekara goma a kwance ba a ba shi ko sunan abin da ke cin sa ba.

Sai dai ɗakunan bincike a Birtaniya da Holan da Amurka sun nema ba su ga komai ba. Aka gano cewa ɗan ƙanƙanin DNA na ɓera a cikin sinadaran gwaji ya isa ya ba da sakamakon ƙarya. A 2011 aka nuna cewa XMRV a ɗakin bincike aka haife shi: guntayen bairas biyu na ɓera ne suka haɗe a shekarun 1990, lokacin da ake renon naman sankarar furostet na mutum a jikin ɓeraye, daga nan ya gurɓata samfura. Science ta janye binciken a Disamba 2011. A 2012 Ian Lipkin na Jami'ar Kolombiya ya jagoranci gwajin da ya rufe maganar, inda aka raba wa masu bincike, har da Mikovits, jinin marasa lafiya 147 da lafiyayyu 146 ba tare da sun san na wane ne ba. Ba a samu bairas ɗin a jinin kowa ba. Wannan bai taɓa gaskiyar ciwon ME/CFS ba, abin da ya rushe shi ne danganta shi da XMRV.

Retirobairas na gado

Kusan kashi 8 cikin 100 na DNA ɗin ɗan Adam ragowar retirobairas ne da suka kama kakanninmu miliyoyin shekaru da suka wuce, suka shiga ƙwai ko maniyyi, aka yi ta gadonsu. Ana kiransu HERV. Yawancinsu sun lalace, ba sa iya fitar da bairas mai yaɗuwa, wasu ma jiki ya mayar da su ma'aikatansa: furotin ɗin sinsitin da mabiyiya ke buƙata wajen ginuwa daga irin wannan bairas ya samo asali.

An ga wasunsu suna farkawa a cututtuka masu daɗewa, HERV-W a cutar MS mai cin rufin jijiyoyi, HERV-K kuma a cutar ALS mai shanye tsoka da wasu nau'o'in daji. Tambayar ita ce ko su ne ke kawo ciwon, ko kumburin ciwon ne ke tayar da su. Gwaji a nan ya fi ko'ina wuya, domin kowa yana ɗauke da su, a kwafi masu yawa masu kama da juna, don haka samunsu a jikin mara lafiya ba hujja ba ce, sai an auna yawan aikin da suke yi an kwatanta da na lafiyayye. An gwada temelimab, wani sinadarin garkuwa da aka ƙera don tare furotin ɗin HERV-W, a kan masu MS, bai cim ma babban abin da aka sa masa a gaba ba, wato rage sabon kumburi a ƙwaƙwalwa. A Ostireliya an gwada maganin HIV mai suna Triumeq a kan masu ALS, gwajin farko ya nuna jikinsu na ɗaukarsa, amma an dakatar da babban gwajin da ya biyo baya da aka ga ba ya ƙara musu kwana.