Agaji da farfaɗowa a yaƙin basasar Najeriya

Agajin yaƙin Biyafara shi ne abinci da maganin da ƙungiyoyin coci-coci da na Red Cross suka riƙa kai wa fararen hula a gabashin Najeriya, yankin da ya ɓalle ya kira kansa Biyafara, lokacin yaƙin basasa, wanda ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970. Yawancinsa ta jirgin sama aka kai shi, kuma cikin dare.

Mafarin yunwa

Bayan kashe-kashen 1966 a garuruwan Arewa, mutane da ake ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya, galibinsu 'yan ƙabilar Ibo, sun koma Gabas. Yankin yana noma doya da rogo, amma shanu daga Arewa ake kai masa, busasshen kifi kuma daga ƙasar Norwe. Da yaƙi ya toshe hanyoyi, sojojin tarayya kuma suka karɓe Fatakwal a watan Mayun 1968, sai ya zama babu shiga babu fita ta ruwa. Yara ne suka fara galabaita. Tamowa ta kama su: ciki ya kumbura, gashi ya yi ja ya zube, ƙafafu kamar sillen kara. Hotunansu da jaridun Turai suka buga a tsakiyar 1968 su ne suka ta da hankalin duniya.

Jiragen dare

Filin saukar da ya riƙe Biyafara ba filin jirgi ba ne tun asali. Wani yanki ne na titin mota da aka faɗaɗa a kusa da garin Uli, kudu da Anacha. Da rana akan rufe shi da ganyen kwakwa don kada a gane shi daga sama. Da dare jiragen kan taso daga tsibirin Sao Tome, wanda yake hannun Fotugal a lokacin, ko daga tsibirin Fanando Po, daga baya kuma daga Kwatano. Matuƙi yakan iso cikin duhu, sai an ji shi dab da ƙasa ake kunna masa fitilu na 'yan daƙiƙu, a sake kashewa, domin jirgin yaƙin tarayya kan yi shawagi a sama yana jiran haske. Masu sauke kaya su yi ta rige-rige da asuba, suna fitar da buhunan gishiri da madarar gari da garin masara haɗe da waken suya da damman busasshen kifi. Daga nan manyan motoci su raba su zuwa wuraren ciyarwa da limaman coci da 'yan gari ke kula da su.

Gamayyar coci-coci ta Joint Church Aid ita kaɗai ta yi sawu sama da 5,000, ta kai kaya kimanin tan 60,000. Matuƙa da ma'aikata da dama sun rasa rayukansu, wasu kuma a Uli aka binne su.

Matsalar ita ce filin da ke karɓar madara shi ne kuma ke karɓar makamai. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nemi a kai agaji ta ƙasa ko da rana bayan an duba kayan. Shugaban Biyafara, Odumegwu Ojukwu, ya ƙi, yana tsoron a yi amfani da hanyar wajen kai masa hari. Ranar 5 ga Yuni, 1969, jirgin yaƙin Najeriya ya harbo wani jirgin Red Cross, ƙungiyar kuma ta dakatar da jigilarta. Coci-coci suka ci gaba har ƙarshe.

Ba a daidaita kan adadin waɗanda suka mutu ba. Ƙiyasi ya kama daga 500,000 zuwa miliyan 2 ko fiye, yunwa da cuta ne suka kashe mafi yawansu. Akwai kuma masu ganin agajin ya tsawaita yaƙin, wasu na musantawa.

Bayan yaƙi

Da Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas, Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya shelanta shirin sulhu da tallafi da sake gini. Ya mayar da ragamar agaji hannun Red Cross ta Najeriya, ya ƙi karɓar taimakon waɗanda suka yi jigilar Uli, aka kuma kori 'yan mishan da yawa. Kisan ramuwar da aka yi fargaba bai auku ba, wannan kuwa abin a yaba ne. An gyara gadar Neja ta Anacha, Jami'ar Nsukka ta sake buɗewa, yara dubbai da aka kwashe zuwa Gabon da Kwaddibuwa aka dawo da su.

Sai dai talaka ya sha wuya. Wanda ya yi hulɗa da asusunsa na banki a ƙarƙashin Biyafara fam 20 kacal aka ba shi, komai yawan abin da ya ajiye. A Fatakwal an ayyana gidajen Ibo da yawa a matsayin kadarorin da aka yasar, rikicin da har yau ba a manta ba. A Kano da Kaduna da Jos kuwa, an ruwaito cewa mutane da dama sun dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu. Mafi yawan ginin da aka yi a ƙauyukan Gabas ƙungiyoyin gari ne suka yi shi da karo-karo, 'yan kasuwa kuma suka riƙa ɗaukar yara koyon sana'a suna sallamarsu da jari.

A 1973 aka kafa shirin bautar ƙasa na matasa don a cuɗanya ƙabilu. Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Ojukwu a 1982.

Tasiri a waje

Ƙungiyar Concern ta Ailan ta samo asali ne daga wannan agaji a 1968. Wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a Biyafara, ciki har da Bernard Kouchner, suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Likitocin Na-gari Na-kowa, wato MSF, a birnin Faris a watan Disamban 1971.