Sana'ar Zana Kayan Ɗaki a Zariya da Makomarta

Mai zana kayan ɗaki shi ne wanda yake tsara siffar gado, kujera, tebur ko sif, ya fitar da awonsu da irin katakon da ya dace da su tun kafin a ɗora zarto. A Zariya ba kasafai ake raba wannan aiki da na kafinta ba, domin galibi maigidan shago ne yake zanawa, shi ne kuma yake yanka tare da yaransa.

Babbar kasuwar sana'ar ita ce kayan ɗakin amarya, waɗanda a al'adar Hausawa iyayenta ne suke yi mata, shi ya sa aiki yakan yi yawa bayan kaka da kuma gab da azumi, lokacin da bukukuwan aure suke yawaita. A nan ne gwanintar mai zane take bayyana. Uwar amarya takan zo da hoton gadon Turkiyya a wayarta ta ce irinsa take so, alhali ɗakin da za a kai shi a cikin birni ƙarami ne, kuma sai an bi ta zaure mai ƙaramar ƙofa. Wanda ya iya rage faɗin gadon ba tare da ya ɓata kyansa ba, ya kuma yi shi yadda za a kwance a sake ɗaurawa, ba ya rasa ciniki.

Yawancin masu sana'ar a shago suka koya. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka kafa a 1962, tana koyar da zanen gine-gine da zanen kayan masana'antu, kuma matashin da ya haɗa sanin katako da manhajojin zane na kwamfuta irin su AutoCAD da SketchUp yana iya neman kwangilar ofisoshi, makarantu da otel-otel har Kaduna, Kano da Abuja.

A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sanya kayan ɗaki cikin kayayyaki 41 da ya hana masu shigo da su samun dala a farashin gwamnati, kuma ya janye wannan doka a watan Oktoba na 2023. Abin da ya fi takura wa ƙananan shaguna a yau shi ne tsadar allunan MDF (waɗanda ake yi da garin katako da aka matse), fenti da soso, sai rashin tsayayyar wutar lantarki, wanda yake tilasta musu kunna janareta domin tayar da injin yanka.