Hannun da ya daina jin zafin mai

Wata Hajiya mai suyar ƙosai a unguwar Aboabo ta Kumasi ta zo awon suga kwanakin baya. Da na kama hannunta zan soki yatsa, sai na ga bororo biyu a bayan manuniya, ɗaya har ya fashe. Na ce, "Hajiya, me ya same ki nan?" Ta duba hannun kamar na wani, ta ce wataƙila mai ne ya fallatsa, ita dai ba ta ji ba. Shekarunta kusan 12 da ciwon suga, kuma ba ta taɓa faɗa wa likita cewa yatsunta sun sage ba, don a ganinta tsufa ne da sanyi.

Idan ana wa'azin ciwon suga a unguwanninmu, ƙafa ake ta ambata, kuma da gaskiya. Amma hannu ne ke nemo abinci a Zango, kuma shi ma suga na cin jijiyoyinsa. Sugan da ya daɗe yana sama yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma ɓata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara gajiya, shi ya sa abin ke soma wa daga yatsun ƙafa. Yana hawa sannu a hankali, idan ya kusa gwiwa sai kan yatsun hannu su ɗauka. Wajen rabin masu ciwon suga suna gamuwa da wannan lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu.

Masu abin ba sa zuwa su ce jijiyata ta lalace. Cewa suke yi kamar tururuwa na yawo a tafin hannu, ko kamar ana tsira musu allura, ko hannun ya yi kamar an kwana a kansa. Tela a kasuwar Kejetia zai ce zare ya ƙi shiga allura, ya ɗora laifin a kan ido. Dattijo ya kasa ɓalle maɓallin riga ranar Juma'a, ko carbi ya riƙa zame masa bai san inda ya tsaya ba. Wata ta danna lambar sirrin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ba daidai ba har a rufe mata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun da ke biyo baya. Mutumin da ya saba ciyar da gida ba ya son a ga kofin shayi ya suɓuce masa a gaban yara, sai ya janye daga majalisa, ya rage fita, barci ya ƙi zuwa saboda zugin dare. Daga nan damuwa ta shiga, shan magani ya yi rauni, suga ya ƙara hawa.

To, ba kowace sagewar hannu ce wadda ba ta warkewa ba, kuma nan ne nake so a tsaya a saurara. Akwai jijiyar da ke ratsa wata 'yar ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu, tana yawan matsewa ga masu suga. Alamarta, babban yatsa da manuniya da na tsakiya su sage, ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau, kuma ta fi tashin mutum da dare har sai ya yarfe hannun. Wannan ana ɗaure wuyan hannu da abin tallafi lokacin barci, ko a yi allura, ko ƙaramar tiyata, mutum ya koma sana'arsa. Akwai kuma yatsan da ke maƙalewa a lanƙwashe, sai an ja shi ya buɗe da ƙas. Shi ma yana da magani. Wanda ya shekara da shekaru yana shan ƙwayar maganin suga ta metformin kuma, bitamin B12 na iya raguwa a jikinsa, ƙarancinsa ma na kawo sagewa. Gwajin jini ne ke nunawa, ba dalilin ajiye maganin ba ne.

Ga gwajin da za ka yi yanzu: haɗa tafukan hannunka biyu a gaban ƙirji, yatsa kan yatsa. Idan sun ƙi mannewa, akwai rata a tsakani, ka faɗa wa likita.

Jijiyar da suga ya riga ya kashe ba kasafai take dawowa ba, gara in faɗa muku gaskiya. Abin da ake iyawa shi ne a rage wa ɓarnar gudu. Gwajin HbA1c yana nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata 3, kuma ga yawancin manya ana so ya zauna ƙasa da kashi 7 cikin 100. Hawan jini da taba sigari suna ƙara wa wutar fetur. Zugin dare yana da magungunansa, irin su amitriptyline da pregabalin, amma likita ne ke rubutawa. Tramadol da ake saye a bayan fage ba abokin tafiya ba ne.

A gida, musamman da hunturu, kada a gwada ruwan wanka ko na alwala da yatsa. A sa gwiwar hannu, ko wani ya taɓa. Mai suya ta nemi matsami mai dogon hannu, ta riƙe tukunya da tsumma mai kauri. A duba hannu gaba da baya kowace yamma, a shafa man kaɗanya kada fata ta tsage. Mai allurar insulin da yatsunsa suka daina jin abu ya bari wani a gida ya duba adadin kafin ya yi.

Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen masu ciwon suga, asibitocin unguwa ma suna dubawa su tura, kuma katin inshorar lafiya na NHIS yana ɗaukar kula da ciwon suga idan wa'adin katin bai ƙare ba. Mai suga irin na manya ya kamata a duba jijiyoyinsa tun ranar da aka gano ciwon, sannan sau ɗaya kowace shekara. Layi na da tsawo, likita na sauri, ba lallai ya tambaye ka hannu ba. Kai ka miƙa masa, ka faɗi yatsun da suka sage da tun yaushe, kuma ka zo da duk magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya.