Waiwaye: Yadda bishiyar Torreya ta Fulorida ta kai bakin ƙarewa

A gaɓar kogin Apalachicola da ke arewacin jihar Fulorida a Amurka, da ɗan yankin kudancin Jojiya, akwai wasu kwazazzabai masu sanyi da damshi. A nan kaɗai Torreya taxifolia ke fitowa da kanta. Bishiya ce da ba ta kaɗe ganye, kuma ganyen nata sirara ne masu tsini da wari idan aka murza. An raɗa mata suna a 1838 don girmama masanin tsirrai John Torrey.

A da tana da yawa, har ana sare ta don shinge da makamashin jiragen ruwa masu tururi. Amma ba gatari ne ya durƙusar da ita ba. A shekarun 1950 manyan bishiyoyin suka soma mutuwa rututu, kuma an daɗe ana muhawara kan dalili: wasu suka ce fari, wasu suka ce sauyin da aka yi wa ƙasar yankin. A 1984 gwamnatin Amurka ta saka ta cikin jerin tsirran da ke dab da ɓacewa. Sai a 2013 aka sanya wa wani naman gwari mai haifar mata gyambo a ɓawo suna Fusarium torreyae.

Abin da ya rage a daji galibi toho ne daga tsoffin saiwoyi. Yakan ɗan tasa, cutar ta kama shi, ko barewa ta goge ƙahonta a jikinsa, ya mutu kafin ya yi iri.

Abin da ake yawan mantawa shi ne Torreya ba ta rayuwa ita kaɗai. A ƙarƙashin manyan bishiyoyi irin su magnoliya take girma, inuwarsu ce ke riƙe mata sanyi da danshin ƙasa. Da guguwar Michael ta afka wa yankin a Oktoban 2018, ta kakkarya waɗannan manya, wasu suka faɗo kan ƙananan, rana kuma ta shiga inda ba ta saba shiga ba. A ganina, duk shirin da ya kalli Torreya ya bar maƙwabtanta, rabin aiki ne.

Lambun tsirrai na Atlanta yana rainon dashenta. Wata ƙungiyar 'yan sa-kai, Torreya Guardians, ta kai ta har jihar Karolaina ta Arewa a 2008, bisa hujjar cewa Fulorida ta yi mata zafi. Wasu masana kuwa na tsoron a kai cutar dazuzzukan da ba su san ta ba.