Lefe ba sadaki ba ne, kuma ba sharaɗin aure ba ne

A Bauchi za ka ji an ce an ɗaga biki saboda lefe bai haɗu ba, kamar aure ba ya ɗauruwa sai da akwati. Ka leƙa Kasuwar Wunti gab da azumi, ka ga saurayi da yayarsa suna ƙirga turamen atamfa, leshi, mayafai da takalma, gumi na keto masa.

Lefe al'ada ce. Malam ba ya tambayar akwati nawa aka kai ranar ɗaurin aure. Abin da yake nema shi ne waliyyi, shaidu biyu, siga, wato "na ba shi" da "na karɓa", sai sadaki.

Sadakin ne wajibi, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta umarta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, zinare da ya ɗan haura giram 1, ko dirhami 3 na azurfa. Shi ya sa kuɗinsa ke hawa da sauka da farashin zinare. Kuma haƙƙin amarya ne ita kaɗai, ba na baba ko kawu ba, ko da yake a gidaje da dama sai dai ta ji labari an sa shi a kayan ɗaki ba a shawarce ta ba.

Lefe ba haramun ba ne, kyauta ce, kuma kyauta tana ƙara danƙon zumunci. Inda abin ke ɓaci shi ne ranar kai kaya, gwaggo ta ɗaga zane sama ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai ba Super ba ce."